Danja da Tirela a Nassarawa

Turawan mulkin mallaka ne suka shata Nassarawa GRA don gidajensu, ba su auna titunanta da tirela ba. Bunƙasar masana'antun Bompai ce ta jawo manyan motoci gefenta. Ranar 2 ga Afrilu 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, KAROTA kuwa sai 2012.

Fitilar ruwan ɗorawa ta danja, wadda ɗan sanda William Potts ya ƙara a Detroit a 1920, 'yan daƙiƙu take yi. Sun ishi ɗan adaidaita sahu. Tirelar siminti fa? Ko direba ya take birki, nauyi sai ya tura ta gaba kafin ta tsaya. Shi ya sa ko danja ta ba mu hannu a titin Ahmadu Bello, sai mun leƙa tukuna.