Mace ta Huɗu

Duk wanda ya saba karanta ƙagaggun labaran mata 'yan leƙen asiri na Yaƙin Duniya na Biyu ya san yadda suke tafiya. Budurwa mai jin Faransanci, jirgi ya sauke ta cikin dare a wata gona, akwatin rediyo a hannu, sunan aro a baki. Can sai a fara kama abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, mai karatu kuma ya shiga lissafin wane ne munafukin. Muna son irin waɗannan littattafai, ba mu musu. Mun raba dare da *Code Name Verity* na Elizabeth Wein, mun kuma karanta *The Lost Girls of Paris* na Pam Jenoff, wanda ya fito a 2019, aka gina shi a kan binciken wata mata da ta rayu da gaske. Sai da muka bi sawun wannan mata muka ga inda tarihi ya raba hanya da ƙagaggen labari.

Sunanta Vera Atkins, haifaffiyar Romaniya. Ita ce jami'ar bayanan sirri a sashen Faransa na hukumar SOE, wadda Birtaniya ta kafa a 1940 domin yi wa Jamus zagon ƙasa a ƙasashen da ta mamaye. Shugaban sashen shi ne Maurice Buckmaster. Mata 39 suka tura Faransa, 13 ba su dawo ba. Da yawa daga cikinsu Atkins ce ta raka su filin jirgi, ta caje aljihunsu kada a manta da wani tikitin Landan a ciki. Da yaƙi ya ƙare ta tafi Jamus a farkon 1946, tana bin kurkuku da sansanonin gwale-gwale, tana yi wa jami'an Nazi da aka kama tambayoyi.

A sansanin Natzweiler ta gano cewa ranar 6 ga Yulin 1944 an kawo mata huɗu, aka yi musu allurar guba, aka ƙona gawarwakinsu. Wani fursuna, Brian Stonehouse, shi ma ɗan SOE ne kuma mai zane, ya hango wucewarsu, ya bayyana mata kamanninsu. Uku ba su ba da wahala ba: Andrée Borrel, Vera Leigh da Diana Rowden. Ta huɗun gajeriya ce mai baƙin gashi. Atkins ta yanke cewa Noor Inayat Khan ce.

Noor 'yar wani malamin Sufaye ce ɗan Indiya, Hazrat Inayat Khan, uwarta Ba'amurkiya. An haife ta a Mosko a 1914, ta tashi a wajen birnin Faris, har ta wallafa littafin labaran yara a 1939. Ita ce mace ta farko da sashen ya tura Faransa a matsayin mai aikin rediyo, da sunan Madeleine. Ta sauka daren 16 ga Yunin 1943. Ko kwana goma ba ta yi ba Jamusawa suka fara kwashe mutanen ƙungiyar Prosper da aka tura ta cikinsu. Ta zauna, tana sauya ɗaki, tana aika saƙo, har wata huɗu, kafin a sayar da ita a watan Oktoba.

A nan ne mu masu rubuta manhaja muke dafe kai. Tsarin sadarwar SOE ba na wasa ba ne. Kowane mai rediyo an ba shi alama biyu, wato kurakurai na gangan da zai riƙa sakawa a saƙonsa. Ɗaya ta yaudara ce, idan an matsa masa zai iya faɗa wa maƙiyi. Ɗayar ita ce ta gaskiya, wadda ba ya faɗa. Saƙo ya iso babu ta gaskiyar, to rediyon yana hannun maƙiyi. Ko yau aka kawo mana wannan dabara ba za mu raina ta ba. Da aka kama Gilbert Norman, mai rediyon Prosper, saƙo ya iso daga na'urarsa babu alamar. Landan ta mayar da amsa tana yi masa faɗa cewa ya manta da alamarsa, ya kiyaye gaba. Jamusawa ne suka karanta amsar. Mun sha ganin irin wannan a wurin aiki: kwamfuta ta yi ta nuna gargaɗi, sai wani ya danne shi don yana hana aiki tafiya. Mu dai abin da muke asara bayanai ne.

Ita ma Noor ta yi nata kuskuren. An samu littafi a ɗakinta wanda ta kwafe saƙonninta a ciki, na sirri da fassararsu. Ita ba ta faɗa musu komai ba, har sau biyu ta yi yunƙurin gudu daga gidan da ake tsare da ita a titin Foch. Amma littafin ya ishi Josef Goetz, jami'in da ke wasa da rediyoyin da aka kama, ya ci gaba da magana da Landan da sunanta. Wani gargaɗi ya iso Landan ta Suwizalan, daga wata mai suna Sonia, cewa Madeleine ta yi mummunan haɗari tana asibiti, wato an kama ta. Ba a san Sonia ba, sai aka ajiye takardar. A ƙarshen Fabrairun 1944 aka sauke mutum uku da laima a wurin da "Madeleine" ta shirya. Jamusawa ke jiransu a ƙasa. Cikinsu akwai mace, Madeleine Damerment.

Maciya amana kam an yi su. Henri Déricourt, mai kula da saukar jirage, yana miƙa wa Jamusawa wasiƙun da ake ba shi. An gurfanar da shi a Faransa a 1948, kotu ta sallame shi. Har yau ana jayayya ko wasu manya a Landan sun san rawar da yake takawa suka yi shiru. Marubuta sun fi son wannan ɓangaren, domin labari yana buƙatar wanda ya yi da gangan. A ganinmu sakacin ya fi ban tsoro: mutanen da ke son wakilansu, waɗanda ba sa son yarda cewa an kama su, sai suka riƙa nema wa kowace alama uzuri. Wannan ba ya yin babi na ƙarshe mai daɗi, shi ya sa ba kasafai ake ba shi wurin da ya kamata ba.

Atkins ma, duk ƙwazonta, ta yi kuskure a Natzweiler. Bayan an gama shari'ar jami'an sansanin ne wata Bafaranshiya, Yolande Lagrave, ta rubuto cewa ta zauna kurkukun Pforzheim tare da Noor, suna musayar saƙo ta hanyar karce kwanon abinci, kuma har watan Satumban 1944 tana raye. Wata goma ta yi a can, mafi yawansu cikin sarƙa. Daga nan aka kai ta Dachau, aka harbe ta ranar 13 ga Satumba tare da mata uku, cikinsu har da Madeleine Damerment. Birtaniya ta ba ta lambar George Cross a 1949.

Atkins ta koma kan takardunta tana neman ko wace ce ta huɗun. A 1947 ta samu amsa. Wata Bayahudiya ce, tsohuwar mai rawa, wadda aka ɗauka aiki a can Faransa, shi ya sa babu sunanta a jerin mutanen Landan. Sunanta Sonia Olschanezky, wadda ta aiko da gargaɗin nan da aka ajiye.