Tarihin Ilimin Zafi: Daga Soron Ƙasa Zuwa Ajin Injiniya

Duk wanda ya taɓa kwana a Unguwar GRA ta Katsina cikin watan Afrilu, aka ɗauke masa wuta, ya san abin da zan yi magana a kai. Ɗakin bulo mai rufin kwano yakan koma kamar tanderu, alhali a cikin birni mai soron ƙasa yana barcinsa. Wannan bambanci yana da tarihi.

A shekarar 1822, zamanin da Ummarun Dallaje ke sarautar Katsina, wani masanin lissafi na Faransa, Joseph Fourier, ya buga littafinsa a kan yadda zafi ke ratsa abu. Ya nuna cewa zafin da ke keta bango yana raguwa gwargwadon kaurin bangon. A 1824 Sadi Carnot ya binciki iyakar ƙarfin da injin zai iya tatsa daga zafi. A 1850 kuma Rudolf Clausius, Bajamushe, ya kafa ƙa'idar cewa zafi ba ya tashi da kansa daga wuri mai sanyi zuwa mai ɗumi, sai an tura shi da ƙarfi. Shi ya sa na'urar sanyaya ɗaki ba ta da amfani in babu lantarki. Waɗannan ƙa'idoji su ne ɗaliban aikin injiniya ke fama da su a jami'o'inmu, tun daga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962.

To, amma maginanmu ba su jira Fourier ba. Sun jera tubali, sun kaurara bango, sun ƙanƙanta taga, sun ɗora azara suka lulluɓe da ƙasa. Irin wannan bango yakan sha zafin rana a hankali, ba ya sako shi ciki sai dare ya yi, iska ta huce. Haka randa: ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafin na ciki. Turawan mulki ma da farko sun bi wannan hanya, domin da ƙasa aka gina Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, ginin kuwa yana nan tsaye.

Daga baya siminti da kwano suka zama alamar arziki, aka mai da ƙasa kayan talaka. Muka sami ginin da ke jure damina, muka yi asarar sanyi. Kwano siriri ne, ba ya tare zafi. Ɗauka yake yi ya juye wa na ƙasa.

Saboda haka ina kira ga malaman injiniya: kafin ɗalibi ya haddace lissafin Fourier, a kai shi wurin magina, a ba shi ma'aunin zafi ya gwada soro da ɗakin kwano, safe da yamma. Magini ya san yadda ake yi, ɗalibi ya san dalili. Hannu ɗaya kuwa ba ya ɗaukar jinka.