Duwatsun Birnin Kudu da Hanyoyin da Muka Daina Bi

Bana muna so mu waiwayi wani gado da yake tsaye a bayan gidajenmu, wanda baƙi suka fi mu sanin darajarsa, wato duwatsun garinmu da hanyoyin ƙafa da suke kaiwa gare su.

Duk wanda ya tashi a garin nan ya san Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu. A cikin kogunansu da ƙarƙashin manyan faifan da suka yi rumfa akwai zane-zanen da mutanen dā suka bari, akasarinsu da jan launi, kuma mafi yawansu siffofin shanu ne. Abin lura shi ne, da yawa daga cikin shanun nan ba su da tozo, alhali shanun da muke gani a hannun makiyaya a yau, irin su bunaji da rahaji, duk masu tozo ne. Wannan ya sa masana suke ɗaukar zanen a matsayin shaidar wani zamani mai nisa da ake kiwon wani irin shanu dabam a ƙasar nan. Akwai makamantan waɗannan zane-zane a Shira da Geji cikin Jihar Bauchi, abin da yake nuna cewa kakanninmu ba a keɓe suka zauna ba.

A shekarun 1950 ne labarin duwatsunmu ya fita duniya. Wani Bature masanin kayan tarihi, Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, ya zo ya yi nazarin zanen. A 1955 kuma ya lura da wani abu da yaran garin suka daɗe da sani: akwai wasu duwatsu da in an ƙwanƙwasa su da ɗan dutse sai su yi amo kamar ƙararrawa, kowane gurbi da irin muryarsa. Ramukan da suka lotsa a jikinsu saboda yawan bugu su ne shaidar tsawon zamanin da aka yi ana kiɗa da su. Ya buga bayaninsu a 1956, kuma daga nan ne masu bincike suka shiga neman irinsu a wasu ƙasashen Afirka. Daga baya gwamnati ta sanya wasu daga cikin wuraren nan cikin jerin kayan tarihi na ƙasa.

Amma kafin zuwan kowane Bature, duwatsun nan wurin rayuwa ne. Iyayenmu mata sun ba mu labarin yadda amarya da ƙawayenta kan fita dutse gabanin a kai ta ɗakin miji, su yini suna waƙa suna kiɗa da duwatsun. Yara kuwa suna da faifan da suke zamewa a kai har ya yi sulɓi. Mu ma da muka yi aikin koyarwa mun sha jera ɗalibai biyu-biyu da sanyin safiya, mu taka da ƙafa har saman dutse. Daga can yaro yake hango gari da gonaki da fadama, darasin labarin ƙasa da ya gagara shiga kansa a allo sai ya zauna daram. Gani ya kori ji.

To, me ya faru? Tun daga lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, garinmu ya bunƙasa, gine-gine suka matso gindin duwatsu, 'ya'yanmu kuma suka watsu neman ilmi da abinci. Wannan ci gaba ne, mun gode wa Allah. Sai dai hanyar da ba a bi ciyawa ce take cinye ta. A yau za ka sami ɗan garin nan da ya kai iyalinsa Yankari ko tsaunukan Jos, wani ma har Dubai, amma 'ya'yansa ba su taɓa taka Dutsen Mesa ba. In an zo gida da Sallah, daga mota sai zaure, daga zaure sai mota. Wurin da masu shi suka ƙaurace wa kuwa, mai rubutu da gawayi da mai hura wuta a kogo da mai fasa dutse don tsakuwa ne suke gadonsa. Zanen da hayaƙi ya rufe ko guduma ta farfasa, babu kuɗin da zai dawo da shi.

Wasu kan ce ai waɗannan abubuwa ragowar jahiliyya ne. Amsarmu ita ce, ba bauta za ta kai mu ba. Za mu je ne mu ga abin da waɗanda suka gabace mu suka bari, mu yi tunani, mu ɗauki izina cewa mu ma masu wucewa ne.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyarmu da ta ware rana guda a kowace shekara, musamman bayan kaka lokacin da ciyawa ta bushe rana kuma ta yi sauƙi, a fita tattaki zuwa duwatsun nan, manya da yara. A haɗa kai da hakimi da ma'aikatan hukumar kula da kayan tarihi, a share hanyoyin, a samu matasan gari su zama 'yan jagora a riƙa ba su ɗan ihsani. A kuma gaggauta naɗar bayanan tsofaffin da suka rage, domin su ne suka san sunan kowane kogo da labarinsa. Mai zuwa ya riƙe ruwan sha da takalmi mai ƙwari, ya kalli zane da ido, kada ya shafa da hannu.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya albarkaci zuriyarmu, Ya ɗaukaka garinmu Birnin Kudu. Amin.