Henry Wade: shekara 36 yana gabatar da ƙara a Dallas

Jama'a, a nan ƙasar mun saba gwamnati ce ke naɗa lauyan da zai gurfanar da mai laifi. A yawancin jihohin Amurka kuwa, zaɓensa ake yi. Yawanci gunduma na da babban mai gabatar da ƙara, sau da yawa yana da jam'iyya, yana yawon neman ƙuri'a kamar ɗan majalisa. Tarihin Henry Wade zai nuna mana abin da wannan tsari kan haifar.

An haife shi a 1914 a gundumar Rockwall ta jihar Texas. Ya karanta lauya, ya yi aiki da hukumar FBI, ya shiga sojan ruwa a Yaƙin Duniya na Biyu. A 1951 ya hau kujerar mai gabatar da ƙara na gundumar Dallas a jam'iyyar Dimokurat, bai sauka ba sai 1987. Ya nemi majalisar tarayya a 1956 ya sha ƙasa, amma kujerarsa ta gida ba wanda ya iya ƙwace ta.

Duniya ta san shi a 1964, lokacin da ya gurfanar da Jack Ruby, mutumin da ya harbe wanda ake zargi da kashe Shugaba Kennedy. Aka yanke wa Ruby hukuncin kisa, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 1966. Sunansa ne kuma ke cikin shahararriyar shari'ar nan ta Roe da Wade kan zubar da ciki, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1973.

To, abin da ya sa mutanen Dallas suka riƙa zaɓensa shi ne ofishinsa ba ya cika faɗuwa a kotu. Da wuya wanda suka kai ya fita. Sai dai ramin ƙarya ƙurarre ne. A can, mutum 12 ake ɗebowa daga cikin gari su saurari shari'a su ce da laifi ko babu. Ofishin Wade na da rubutaccen umarni da ke koya wa lauyoyinsa su kauce wa baƙar fata da sauran tsiraru wajen wannan zaɓe. A shari'ar Thomas Miller-El ta 1986, baƙaƙe 11 suka cancanta, aka cire 10. Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin a 2005 saboda haka.

Akwai Randall Dale Adams, wanda aka yanke wa kisa a 1977 kan kashe ɗan sanda, aka sake shi a 1989. Akwai Cornelius Dupree, wanda aka ɗaure a 1980 kan fashi, ya kwashe shekara 30 a kurkuku kafin gwajin ƙwayoyin halitta ya wanke shi a 2011. Kun ga, ƙuruciyar mutum ke nan gaba ɗaya.

Wade ya rasu a 2001, bai ga yawancin wannan ba. A 2007 Craig Watkins, baƙar fata na farko da ya riƙe kujerar, ya kafa sashe na musamman don sake duba tsofaffin hukunce-hukunce. Abin da ya taimaka masa shi ne Dallas ta adana kayan shaida shekara da shekaru, alhali wasu gundumomi sun zubar da nasu.

Mu da ke zaune a garin da ba mu ne masu rinjaye ba, wannan tarihi ba baƙo ba ne a kunnenmu. Masu ƙuri'a a Dallas yawan waɗanda aka ɗaure suke ƙirgawa, shi kuma abin da suke so yake ba su. Ba a cika tambayarsa ko waɗanda aka ɗauren su ne suka yi laifin ba, sai bayan ya bar kujera.