Daga Garmisch Zuwa Karar Potiskum: Yadda Manhajar Banki Ta Zama Gagarau

Ranar Laraba a karar Potiskum, kuɗin da ke sauya hannu kafin la'asar ba na wasa ba ne. A da, fatake da damman kuɗi suke zuwa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, dillali da mai sa sun saba da zuba wa waya ido suna jiran alat. In ya maƙale, sai a ce sabis ne. Sau da yawa kuwa manhajar banki ce, wadda tarihinta ya haura shekara sittin.

A 1959 aka ƙirƙiro harshen kwamfuta na COBOL a Amurka, bankuna suka rungume shi. Manhajojin suka yi ta kumbura har suka fara gagarar masu su. A 1968 masana suka taru a garin Garmisch na Jamus ƙarƙashin ƙungiyar NATO, inda Douglas McIlroy ya ba da shawarar a riƙa ƙera manhaja gunduwa-gunduwa, kowane ɓangare da aikinsa, sannan a harhaɗa. Sannu a hankali duniya ta bi wannan hanya, sai dai ta zo da nata ciwon kan: wanda ya rubuta ɓangaren ya yi ritaya, kamfanin da ya sayar ya rufe, takardun bayani sun yi ɓatan dabo.

Nan sana'ar warware manhaja ta samo gindin zama. Aikin bakaniken tirela ne da aka kawo wa injin da bai taɓa gani ba, ba littafi, sai ya kwance ya bi waya da bututu har ya gane abin da ke tura wane. A 1990 Elliot Chikofsky da James Cross suka fayyace ma'anarta: a gano ɓangarorin tsari da yadda suke jingine da juna, a zana taswirarsu. Fargabar shekarar 2000 ta fito da darajar masu wannan aiki, domin tsofaffin manhajoji lamba biyu kacal suke ajiye wa shekara, dole aka bi su layi-layi.

A Najeriya, tsarin da Charles Soludo, gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, ya fito da shi a 2004 ya mayar da bankuna 89 zuwa 25. Unity Bank kaɗai daga bankuna tara ya fito, har da Bank of the North, kowanne da kwamfutocinsa da kundin abokan hulɗarsa. Sai NIBSS, cibiyar da ke haɗa hada-hadar kuɗi tsakanin bankuna, ta kawo tura kuɗi nan take a 2011, BVN ya biyo baya a 2014, duk aka ɗora su kan abin da aka tarar. Yau kuɗin sa guda sai sun ratsa na'urar POS, bankin mai saye, NIBSS da bankin mai sayarwa. Ɗaya ya yi tari, ciniki ya tsaya.

Canza tsohuwar manhajar gaba ɗaya ma ba sauƙi. A Oktoban 2024 GTBank ya koma kan manhajar Finacle, Zenith kuma kan ta Flexcube, abokan hulɗa suka kwana biyu suna kokawa. A Birtaniya, irin wannan ƙaura ta rikice wa bankin TSB a 2018, hukumomi suka ci shi tarar fam miliyan 48.65 a 2022. Ya kamata Babban Bankin Najeriya ya riƙa sa ido haka, ya kuma tilasta wa bankuna sanar da jama'a da Hausa tun kafin su taɓa injin.