Shirye-shiryen ban tsoro na yara a talabijin: asalinsu, tsarinsu da abin da ya kamata iyaye su sani

A gidaje da yawa na unguwar Saga, kamar sauran unguwannin birnin Yamai, lokacin da ke tsakanin sallar isha'i da barci ya koma hannun talabijin da wayar salula. A da, a wannan lokaci ne kakanni ke tara jikoki a tsakar gida su yi masu tatsuniya. Cikin abubuwan da suka fi jan hankalin yara da matasa a yau akwai labaran fatalwa, mayu, dodanni da kufan gidajen da ake cewa aljanu sun tare a ciki. Wasu daga cikin irin waɗannan shirye-shirye manya aka yi wa su. Wasu kuwa domin yara aka tsara su tun farko, suna da tarihinsu da ƙa'idojinsu, kuma a kansu ne wannan bayani ya tsaya.

Wane irin shiri ne?

Shiri ne mai kashi-kashi, amma ya bambanta da finafinai masu dogon zango irin na Indiya ko na Kano, inda labari ɗaya ke ci gaba har tsawon watanni. A nan kowane kashi labari ne mai zaman kansa, da sababbin 'yan wasa da sabon wuri, yana farawa ya ƙare cikin minti 22 zuwa 25. Wanda bai ga na makon jiya ba zai fahimci na wannan mako sarai.

Abin da ke haɗa labaran shi ne mabuɗi da marufi. Wani lokaci mai ba da labari ne ke fitowa a farko da ƙarshe, wani lokaci kuma gungun yara ne ke zama su saurara. Jaruman labarin kusan kullum yara ne 'yan shekara 10 zuwa 15, manya kuma ba sa yarda da abin da yaron ya ce ya gani, sai ya fuskanci abin shi kaɗai ko tare da abokinsa.

Inda aka faro

Wannan tsari ya samo asali daga shirye-shiryen manya. Mafi shahara shi ne The Twilight Zone na Rod Serling, wanda aka nuna a Amurka daga 1959 zuwa 1964, masu kallo da faransanci kuma suka san shi da La Quatrième Dimension. A shekarun 1990 ne tsarin ya bunƙasa a shirye-shiryen yara, kuma a ƙasar Kanada aka ɗauki yawancinsu.

Na farko da ya yi fice shi ne Are You Afraid of the Dark?, wato Fais-moi peur ! da faransanci, wanda D.J. MacHale da Ned Kandel suka ƙirƙiro, aka ɗauka a yankin Montreal. Tashar Nickelodeon ta nuna shi daga 1992 zuwa 1996, ya dawo a 1999 da 2000, jimilla kashi 91. A kowane kashi wasu matasa ne ke haɗuwa da tsakar dare cikin daji, su kewaye wuta. Mai ba da labarin ranar sai ya watsa wani gari a wutar ta tashi, ya faɗi sunan labarinsa. In ya gama, sai a kashe wutar kowa ya kama hanyar gida. An sake farfaɗo da shirin a 2019.

Na biyu shi ne Goosebumps, wanda a ƙasashe masu amfani da faransanci aka fi sani da Chair de poule, ma'ana tashin tsigar jiki. An ciro shi daga littattafan marubucin Amurka R.L. Stine, wanda ya fitar da 62 a jerin farko tsakanin 1992 da 1997. An sayar da littattafan fiye da miliyan 400 a duniya, kamfanin Bayard kuma ya buga su da faransanci. Shirin talabijin ɗin ya gudana daga 1995 zuwa 1998, kashi 74. Labarinsa na farko na wata yarinya ce da abokai ke yawan tsorata ta, ta sayi wata mummunar fuskar roba don ta rama, fuskar ta manne ta ƙi fita. Wani labarin na kyamara ce da ke fitar da hoton masifa kafin ta auku.

Bayan waɗannan an yi The Haunting Hour, shi ma daga labaran Stine, tsakanin 2010 da 2014, wanda ya lashe kyaututtukan Emmy. A 2017 kuma tashar yara ta BBC tare da wata tashar Kanada suka fito da Creeped Out, wanda ya shigo da tsoron zamani: wayar salula mai mallake mai ita, da yaro mai zagin mutane a intanet da halinsa ya koma kansa.

Ƙa'idojin da suke bi

Masu shirya irin waɗannan labarai suna da iyakar da ba sa tsallakewa. Ba a nuna jini ko yanka. Tsoron yana fitowa ne daga duhu, sauti, jira da inuwar abin da ba a gani sosai ba. Ana kuma sirka shi da ban dariya domin zuciyar yaro ta sauka. Stine ya sha bayyanawa a hirarraki cewa yana kauce wa matsalolin gaske masu nauyi a labaransa na yara, domin mai karatu ya san cewa abin ƙage ne.

Akasarin labaran suna da darasi. Bala'i yana faɗa wa wanda ya yi kwaɗayi, ko ƙarya, ko cin zali, ko ya taɓa abin da aka hana shi taɓawa. Mafita kuma tana zuwa ta hanyar wayo, haƙuri ko taimakon ɗan'uwa. Sau da yawa a daƙiƙar ƙarshe sai a juya labarin, a nuna cewa abin bai gama mutuwa ba.

Kamarsu da tatsuniya

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa zai gane wannan tsari, domin na tatsuniya ne. Ita ma da dare ake yin ta, har a wurare da yawa ana tsorata yara cewa mai yin ta da rana zai ɓata. Tana da mabuɗi, inda mai ba da labari ke cewa ga ta nan ga ta nanku, masu sauraro su amsa. Tana da marufi, wato ƙurunƙus, inda yake sanar da kowa cewa ƙarya ce ya shirga, a dalilin Gizo. Tana da Dodo mai haɗiye mutane, da mayya mai kama kurwa, da budurwar da ta ƙi samarin garinsu ta auri baƙo kyakkyawa, ashe dodo ne ya ari siffar mutane.

An daɗe da fara tattara waɗannan labarai a rubuce. Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa cikin littafi uku tsakanin 1911 da 1913. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1930, shi ma labarai ne masu zaman kansu da aku ke bayarwa cikin babban labari ɗaya. A Najeriya gidan talabijin na NTA ya kai wannan zama gaban kyamara a 1984 da shirin Tales by Moonlight, inda wata mata ke zama da yara tana ba su labaran gargajiya, ana nuna su a wasan kwaikwayo.

Saga da labaran kogi

Saga tsohon gari ne na Zabarmawa a gaɓar kogin Isa, kan hanyar Kollo, wanda birnin Yamai ya haɗiye har ya zama unguwa a gunduma ta huɗu. An san shi da gonakin shinkafa na bakin ruwa. A irin wannan wuri labarin ban tsoro ba baƙo ba ne. A al'adar Zabarmawa da Songhai akwai Harakoy Dikko, wadda ake ɗauka sarauniyar iskokin kogi, da Dongo mai tsawa, su kuma masunta Sorko su ne aka sani da kirarinsu. Hausawa na da 'yan ruwa, waɗanda ake cewa suna jan mutum ƙasa.

Waɗannan labarai sun yi wani aiki a fili. Yaron da ke jin tsoron 'yan ruwa ba ya zuwa wanka shi kaɗai da magariba, a kogin da ke da zurfi, da ƙarfin gudu lokacin cikowa, da dorina. Tsoron da aka auna daidai kariya ne, kuma a nan tatsuniya da shirin talabijin na yara suka yi tarayya.

Inda bambancin yake

Bambanci na farko shi ne mai ba da labari. Kaka tana ganin fuskar jikanta. In ta ga ya fara maƙalewa jikinta, sai ta sassauta, ta kawo Gizo da Ƙoƙi a yi dariya, ta rufe labarin yaron na kusa da ita. Talabijin ba ta ganin kowa. Wayar salula ta fi ta haɗari, domin yaro na iya kallo shi kaɗai cikin ɗaki, kuma daga shirin yara zuwa fim ɗin tsoro na manya taɓawa ɗaya ce a YouTube ko TikTok, ko cikin katin waya da aka cika a shagon masu tura finafinai.

Na biyu shi ne imani. An rubuta yawancin waɗannan shirye-shirye ne domin yaran da aka gaya wa cewa fatalwa ƙage ce. A Nijar kuwa samuwar aljanu na cikin abin da musulmi ya yi imani da shi, akwai ma sura guda da sunansu a Alƙur'ani. Yara da yawa sun ji labarin 'yan mata da ke faɗuwa a makarantu ana cewa aljani ne ya shige su, abin da aka yi wa laƙabi da génie tchatcheur. Don haka yaro na iya ɗaukar abin da marubuci ya ƙaga a Toronto a matsayin shaida kan abin da yake ji a unguwa. Aikin babba ne ya raba masa abin da addini ya faɗa da abin da masu fim suka haɗa da roba da fenti. Wannan ya fi muhimmanci a kan labarin maita, domin zargin maita yakan faɗa kan mutane na gaske, galibi tsofaffin mata da marasa galihu.

Shekarun yaro da alamomin tashoshi

Joanne Cantor, wadda ta koyar a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, ta shafe shekaru tana nazarin abin da ke tsorata yara a talabijin. Ta nuna cewa ƙananan yara, 'yan ƙasa da shekara 7 ko 8, siffa ce ke firgita su: mummunar fuska, ko mutum ya rikiɗe ya zama dodo. Gaya masu cewa ba gaskiya ba ne ba ya wadatarwa, sun fi buƙatar a rungume su ko a ɗauke hankalinsu. Waɗanda suka fi haka girma kuwa sun fi tsoron abin da zai iya faruwa da gaske, kamar sata, gobara ko mutuwar iyaye, kuma bayani yana yi masu amfani.

Wannan na nufin shirin da ɗan shekara 12 ke kallo yana dariya zai iya hana ƙanensa ɗan shekara 5 barci, alhali a yawancin gidaje talabijin ɗaya ce kowa ke kallo. Tashoshin Faransa da ake kamawa ta Canal+ suna sa alama a kusurwar allo tun 2002: -10, -12, -16 da -18, wato shekarun da bai kamata wanda bai kai su ba ya kalla. A Amurka alamar TV-Y7 na nufin shirin yara 'yan shekara 7 zuwa sama. Bidiyon da aka tura ta waya kuwa sau da yawa ba ya ɗauke da wata alama.

Abubuwan da ke nuna cewa tsoro ya wuce kima sun haɗa da mafarkin firgita a jere, ƙin kwana shi kaɗai, ƙin fita bayan gida da dare, ko komawa fitsarin kwance bayan an daina. In haka ta faru, a dakatar da kallon, kada a yi wa yaron dariya ko a ƙara tsorata shi.

Arzikin labarai na gida

Nijar na da abin da za a gina irin wannan shiri a kansa. Boubou Hama, wanda ya rayu daga 1906 zuwa 1982, ya tattara tatsuniyoyi da almarorin ƙasar cikin littattafai da dama. Daga labarinsa ne Moustapha Alassane tare da Anna Soehring suka shirya fim ɗin Toula a farkon shekarun 1970, labarin budurwar da aka sadaukar ga aljanin ruwa lokacin fari. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka kafa a 1968, tana adana muryoyin masu ba da labarin gargajiya. A Dogon Dutsi an sha shirya bikin masu tatsuniya mai suna Gatan-Gatan. Talabijin ɗin Nijar ma da yara ta fara, domin a 1964 aka buɗe ta a matsayin talabijin ta koyarwa a makarantu, kafin Télé Sahel ta zo a ƙarshen shekarun 1970.

Irin wannan shiri ba ya cin kuɗi kamar manyan finafinai: tsakar gida ɗaya, fitila, 'yan wasa kaɗan da labari mai kyau sun isa kashi guda, da Hausa ko da Zabarmanci. Kafin a samu mai ɗaukar nauyinsa, abin da ke hannun iyaye shi ne su duba alamar shekaru, su zauna a kalla tare, sannan in an gama su tambayi yaron abin da ya gani, su rufe masa labarin kafin ya kwanta.