Sabunta manhajar waya: abin da masu amfani ke nema da abin da ake taƙaddama a kansa

Babbar manhajar waya ita ce ginshiƙin da komai ke tafiya a kansa a cikin wayar hannu ta zamani. Ita ke kula da allo da batir da kyamara da layin sadarwa, kuma ita ke ba wa ƙananan manhajoji, irin su WhatsApp da manhajojin banki, izinin yin aiki. Biyu ne suka mamaye kasuwar duniya: Android ta kamfanin Google, wadda ta fara fitowa a 2008, da iOS ta kamfanin Apple, wadda ta zo tare da iPhone ta farko a 2007. Kowace shekara kamfanonin biyu suna fitar da sabon zubi, kuma kafin ya fito akan shafe watanni ana muhawara a kan abin da ya kamata a ƙara, da abin da ya kamata a cire, da abin da bai kamata a taɓa ba. Ga ɗan kasuwar da ke karɓar kuɗi ta waya da ma'aikacin da takardun ofis ke zuwa masa ta waya, sakamakon wannan muhawara yana shafar sana'a da aljihu.

Yadda sabuntawa ke isowa

Apple kan gabatar da sabon zubinsa a taron masu ƙirƙirar manhajoji na watan Yuni, ya bar shi a hannun masu gwaji tsawon damina, sannan ya sake shi ga jama'a a watan Satumba. Da yake Apple ne ke ƙera wayar kuma shi ke rubuta manhajar, sabuntawar kan isa ga dukkan wayoyin da suka cancanta a rana ɗaya.

Hanyar Android ta fi tsawo. Google ne ke fitar da asalin zubin, sai kamfanin da ya ƙera wayar ya ɗora nasa fasalin a kai: One UI a wayoyin Samsung, HiOS a Tecno, XOS a Infinix. Sai an daidaita wannan da guntun kwakwalwar kowace waya kafin sabuntawar ta isa hannun mai ita. Shi ya sa wata waya kan jira watanni, wata kuma ba ta taɓa samu. Google ya yi ƙoƙarin rage wannan jinkiri: a 2017 ya raba manhajar da sassan da suka shafi masu ƙera na'ura, a 2019 kuma ya fara tura wasu gyare-gyaren tsaro kai tsaye ta kantin Play ba tare da jiran kamfanin waya ba.

Tsawon rai da batir

Buƙatar da ta fi kowacce daɗewa a bakin masu waya ita ce sabuntawa kada ta tsufar da na'urar da ke hannunsu. Wannan fargaba tana da tushe. A Disamban 2017 Apple ya amince cewa manhajarsa tana rage saurin wasu tsofaffin iPhone idan batirinsu ya yi rauni, yana mai cewa ya yi haka ne don kada wayar ta riƙa mutuwa ba zato. Abin da ya fusata jama'a shi ne ba a sanar da su ba. A 2018 kamfanin ya ƙara wani sashe da ke nuna lafiyar batir, ya kuma ba mai waya damar kashe rage saurin. A 2020 hukumomin Faransa suka ci shi tarar yuro miliyan 25.

Daga nan muhawarar ta koma kan shekarun da kamfani zai ci gaba da kula da wayar da ya sayar. A 2023 Google ya yi alkawarin shekara bakwai ga Pixel 8, a 2024 Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24. Tarayyar Turai ta mayar da batun doka: daga Yunin 2025, wayoyin da ake sakawa a kasuwarta dole su samu sabuntawa na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin.

Sai dai alkawarin shekara bakwai ya fara ne daga wayoyi masu tsada. Masu araha, waɗanda su ne suka cika shaguna a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da makamantanta, sukan samu kulawa ta ɗan gajeren lokaci. Haɗarin a nan a bayyane yake: wayar da ta daina samun gyaran tsaro tana ci gaba da aiki, amma ƙofofin da ɓarayin intanet suka gano a cikinta suna nan a buɗe, kuma a kwana a tashi manhajar banki na iya ƙin buɗewa a kanta.

Akwai kuma batun nauyi. Sabon zubi kan ci wuri a ma'adanar waya, saukar da shi kuma yana cin data. Tun 2017 Google ke da wani zubi marar nauyi mai suna Android Go domin ƙananan wayoyi. Masu irin waɗannan wayoyi sun fi roƙon a ba su ikon goge manhajojin da kamfani ya cusa tun daga masana'anta, da kuma kashe tallace-tallacen da wasu kamfanoni ke sakawa a cikin fasalinsu.

Taƙaddamar fasali

Babu abin da ke tayar da ƙura kamar sauya kamannin allo. A 2013 Apple ya fitar da iOS 7 ƙarƙashin jagorancin Jony Ive, ya watsar da tsohon salon da ke kwaikwayon fata da katako da takarda, ya koma zane shimfiɗaɗɗe mai siraran haruffa. Wasu suka yaba, wasu suka ce rubutun ya yi wuyar karantawa, wasu kuma suka koka cewa motsin hotunan yana sa su jiri. Google ya kawo nasa salon, Material Design, a 2014, sannan a 2021 Android 12 ta fara ɗaukar launukan allo daga hoton da mai waya ya zaɓa.

Tarihi ya maimaita kansa a 2025. Apple ya tsallaka daga lamba 18 zuwa 26 don sunan zubi ya dace da shekara, ya kuma gabatar da salon Liquid Glass, inda maɓallai da sanduna suke kamar gilashi ana hango abin da ke bayansu. Masu goyon baya suka ce allon ya ƙara zurfi da armashi. Masu suka, musamman masu raunin gani, suka ce rubutu a kan gilashi yana ɓacewa idan bayansa ya yi haske. Kamfanin ya yi ta gyara kaurin gilashin a lokacin gwaji, kuma a zubin 26.1 ya ƙara maɓallin da ke rage shararansa.

Wannan salon warware rikici, wato a sauya sannan a ba da zaɓi, ya zama ruwan dare. Lokacin da Apple ya mayar da sandar adireshi ta Safari ƙasan allo a 2021, ƙorafi ya sa ya bar wa mutane damar mayar da ita sama. Lokacin da Android 10 ta kawo tuƙa waya da shafar yatsa a 2019, an bar maɓallai ukun nan na ƙasa ga mai so. Samsung ya raba sanarwa da maɓallan gaggawa zuwa shafi biyu a One UI 7, amma ya bar hanyar haɗa su kamar da.

Masu tsara fasali suna da hujjarsu. Kowane zaɓi da aka ƙara sai an gwada shi, an kula da shi, kuma yawan zaɓi kan rikita sabon shiga. Masu amfani su ma suna da tasu: hannu ya saba, kuma wanda ke sauri ya tabbatar da shigowar kuɗi ga abokin ciniki na tsaye a gabansa ba shi da lokacin neman inda aka kai maɓalli. Sabo, in ji Hausawa, turken wawa, amma a harkar waya sabo shi ne ke rage kuskure.

A buɗe ƙofa ko a rufe

Muhawara mafi nauyi ita ce ta wanda ke da ikon yanke hukunci a kan abin da za a saka a waya. Tun farko Apple ya taƙaita saukar da manhaja ga kantinsa na App Store, yana cewa tantancewa ce ke kare jama'a. Masu ƙirƙirar manhajoji da hukumomin gasa suka ce wannan danniya ce ta kasuwa. Dokar kasuwannin dijital ta Tarayyar Turai ta tilasta masa buɗe ƙofa, kuma daga Maris ɗin 2024 masu iPhone a ƙasashen tarayyar suna iya amfani da wasu kantunan. A Afirilun 2025 tarayyar ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 500 saboda hana masu manhajoji nuna wa abokan cinikinsu hanyoyin biya a wajen kantinsa.

Android kuwa ta nufi ɗaya ɓangaren. Ta daɗe tana barin mutum ya saka manhaja daga ko'ina, abin da ya sa tura manhaja daga waya zuwa waya ta Xender ya zama al'ada a wuraren da data ke da tsada. A Agustan 2025 Google ya sanar cewa daga Satumban 2026, a Brazil da Indonesiya da Singafo da Thailand, manhajojin da aka tantance masu su ne kaɗai za su shiga wayoyin Android masu lasisinsa, sauran ƙasashe kuma su biyo baya daga 2027. Hujjarsa ita ce 'yan damfara na amfani da manhajojin waje wajen satar bayanan banki. Masu adawa suka ce matakin zai mayar da Google mai gadin ƙofar da a da ba ta da mai gadi. Bayan sukar ta yi yawa, kamfanin ya ce zai samar da wata hanya ta musamman ga ƙwararrun da suka yarda su ɗauki haɗarin da kansu.

Sirri da sata

A nan buƙatun jama'a sun fi samun karɓuwa. A 2021 Apple ya wajabta wa manhajoji neman izini kafin bin sawun mutum a wasu manhajojin domin talla. Android 14 ta ba mai waya damar nuna wa manhaja wasu hotuna zaɓaɓɓu maimakon dukkan taskarsa, iOS 18 kuma ta yi haka da lambobin waya. Muhimmancin wannan ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda wasu manhajojin ba da rance suka riƙa kwashe lambobin masu cin bashi a Najeriya suna aika wa 'yan uwansu saƙon cin mutunci. A 2023 Google ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobi da hotunan mutane.

Ƙwacen waya ma ya shiga cikin tsarin manhaja. A Janairun 2024 Apple ya ƙara kariyar da ke neman fuska ko zanen yatsa, tare da jinkirin sa'a guda, kafin a sauya muhimman bayanai idan waya ba ta wurin da ta saba. A shekarar Google ya fito da makullin da ke rufe allo idan na'urar ta ji alamun an fizge ta an ruga, kuma a Brazil aka fara gwada shi.

Ƙirƙirarriyar basira

Sabon fagen jayayya shi ne ƙirƙirarriyar basira. Google na maye gurbin tsohon mataimakinsa da Gemini, Apple kuma ya kawo Apple Intelligence a 2024, wadda ba ta aiki a iPhone da ta gaza 15 Pro. Tambayoyi uku ake yi: a cikin waya za a sarrafa bayanan mutum ko a rumbunan kamfani, za a iya kashe tsarin gaba ɗaya, kuma wa ke da alhaki idan ya yi kuskure? A Disamban 2024 BBC ta kai ƙorafi bayan tsarin Apple ya taƙaita kanun labaranta ta hanyar da ta sauya ma'ana, kuma a Janairun 2025 kamfanin ya dakatar da taƙaita sanarwar labarai na wani lokaci. A Maris ɗin shekarar ya amince cewa sabuwar Siri da ya yi alkawari za ta makara.

Harshe

Ga mai rubutu da Hausa, buƙata ta farko ita ce haruffa masu lanƙwasa su samu cikin sauƙi, kuma gyaran rubutu na kai tsaye ya daina mayar da kalmomin Hausa na Turanci. Allon rubutu na Gboard yana da Hausa, kuma a 2024 Google ya saka ta cikin harsunan Afirka da ya ƙara wa tsarin rubutu da murya. Tun daga Android 13 ana iya zaɓar wa kowace manhaja harshenta, muddin masu ita sun tanadi harshen.

Abin dubawa kafin saye ko sabuntawa

Mai sayen waya, sabuwa ko ta hannu, zai amfana da sanin shekarar da samfurin ya fito da kuma shekarun kulawar da kamfani ya yi alkawari, domin lissafin yana farawa ne daga fitowar wayar, ba daga ranar saye ba. Ranar gyaran tsaro na ƙarshe tana rubuce a cikin saitin waya. Gyaran tsaro na wata-wata bai kamata a jinkirta shi ba. Babban zubi na shekara kuwa, wanda wayarsa ce shagonsa zai iya dakatawa 'yan makonni har a gyara kurakuran farko, ya adana kwafin bayanansa, ya kuma tabbatar manhajar bankinsa tana aiki a sabon zubin kafin ya danna.